Ta'aziyyar Gwaggo, Kwamfutar Gidan Ma'azu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har wuya, tare da sallamawa ga hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, Malam Halliru Ma'azu Lahodu, a madadin kansa da mahaifiyarsa Inno da sauran mutanen gidan marigayi Ma'azu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Wurno da Rabah da Goronyo rasuwar kwamfutarsu ta cinya, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Laraba tsakanin azahar da la'asar, a tsakar gida, a kan tabarma, gaban mutanen da suka san darajarta, bayan doguwar jinya da ta jure ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba.

Babu wanda ya san shekarunta. Ta shigo ƙasar nan ta hanyar Kwatano da tsufanta, da sunan wani Bature liƙe a cikinta wanda gumi ya cinye rabinsa. Sa'adu, yayan Halliru, shi ya ɗauko ta daga Sakkwato wata shekara da albasa ta yi albarka, ya shigo da ita gida naɗe cikin zanen gado. Inno ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wagga kuma mi taka ci?" Da aka ce mata wuta, sai ta ce, "Tau, ta zaka gidan azumi." Sunan Gwaggo kuwa ta samo shi ne saboda ba ta tashi sai da nishi, kuma ba a yi mata gaggawa.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da wadatar zuci. Ɗan cajin da za a samo mata a shagon Bilyaminu mai gyara, can bakin kasuwar Wurno, da shi take wuni. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba, ko da yake ta ga takardun neman aiki da ba a amsa ba, ta kuma ga hotunan da masu su suka yi nadamar ɗauka. Abin da kawai ba ta so shi ne zafi. A bazara sai an ɗora ta a kan tubala biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, wani lokacin har da fifita da maficin Inno, wanda ake ɗauka ba da sanin mai shi ba. Duk wanda ya zauna da ita zai tuna numfashinta idan aiki ya yi mata nauyi: "Fuuuu. Fuuuu."

Amma aikin da za a riƙa tunawa da ita a kansa shi ne sarauta. A cikinta akwai wani wasa na kafa daula. Akan ba mutum 'yan tsirarun mutane a tsakiyar dajin da bai san iyakarsa ba, a ce ya kafa gari. Daga gari sai gonaki, sai rumbu da ganuwa, sai kasuwa da maƙera da makaranta, har a wayi gari mutum yana da ƙasa, yana da maƙwabta, maƙwabtan kuma sun sa wa ƙasarsa ido. Ba wasan sauri ba ne. Bi da bi ake yinsa kamar dara: ka gama abin da za ka yi, ka saki hannu, na gaba ya yi nasa, sannan sarakunan da Gwaggo ke riƙe da su a cikinta su yi nasu. Idan hannu ya zagayo kan mutum sai ta rubuta sunansa a tsakiyar allo, ta buga ganga: "Dum. Dum." Daga nan ba ta sake motsi. Ko shekara za a yi, duniyar cikinta tana tsaye tana jiran mai hannu.

Sa'adu da Halliru dauloli biyu suke riƙewa, masu ƙawance, su ci tare ko a cinye su tare. Sa'adu ne a gaba da tutarsa ja, shi ke yaƙi. Halliru yana bayansa da tuta kore, yana noma da ciniki da karatu, yana tura wa yayansa abinci da zinariya. Kuma ba su taɓa yi wa juna hannu ba.

Wannan doka ba daga wasan ta fito ba, daga fadama ta fito. Marigayi Ma'azu ya raine su a inda manoman albasa ke raba ruwan magudana ɗaya bi da bi, kuma a wurinsu ranar ruwan mutum tasa ce, ko yana nan ko ba ya nan. Idan zai yi tafiya ya bar sallahu. Idan bai bari ba, a bar bakin gonarsa a toshe. Hanya ɗaya ce tak ake buɗe ruwan mutum ba da izininsa ba: idan ya mutu, babban gidansu ya zo ya cire toshiyar da hannunsa, duk fadamar kuma ta san abin da ya faru ko ba a faɗa ba. Sa'adu ya ɗauko dokar nan ɗungurungum ya shigar da ita cikin Gwaggo. Wata rana yana salla Halliru ya matsar masa da ɗan leƙen asiri ɗaya tak, don kada zaki ya cinye shi. Da Sa'adu ya sallame ya gani, sai ya ce, "Ina da raina kaka taɓa min mutane?" Ya goge wasan da suka shafe damina suna ginawa, ya sa suka fara sabo.

Wasan yana da matakai, daga na masu koyo har zuwa na ƙarshe, wanda 'ya'yan Ma'azu suka raɗa wa suna Ba-Sani-Ba-Sabo. A nan Gwaggo ba ta san ta ci cajin kowa ba. Sarakunan cikinta sukan fara da garuruwa kai kana neman inda za ka kafa bukka. Kafin ka ɗaure baka sun ƙera sulke. Su rantse maka da zumunci yau, gobe ka ga mashinsu a bakin rijiyarka. An ci 'ya'yan Ma'azu da yaƙi har suka daina ƙirgawa. Yusha'u, abokin Sa'adu, mai gyaran injin ban-ruwa a Dinawa, wanda ke zuwa kallo da butar shayinsa, ya sha cewa, "Wallahi na'urar ga zamba taka yi. Rad da kunka ci ta, ni kau na bar shan shayi."

Sai dai kowace faɗuwa da abin da ta bar musu. Halliru mai son gina hasumiya da lambuna ya gane cewa ado ba ya tare kibiya, ya haƙura ya riƙa farawa da rumbu da ganuwa. Sun daina kafa gari a fili don ƙasar ta yi kyau, suka koma kafawa a gwiwar kogi ko a bakin tudu, inda maharba kaɗan za su tare runduna guda. Sa'adu mai zafin kai shi ya koyi abin da ya fi masa ciwo, wato durƙusa wa wada. Ya riƙa aika wa babban maƙwabcinsu kyautar dawaki da gishiri yana cije leɓe, yana zuga shi a kan wani babban, har giwayen biyu suka gaji da juna. Sai a lokacin ya fito daga bayan ganuwa da rundunar da ya daɗe yana ɓoyewa.

Yaƙinsu na ƙarshe sun ɗaura shi bayan an kai gero gida, suka ja shi har lokacin cirar albasa. Sarakuna suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, saura guda, mai birni a bakin teku. Sa'adu ya kewaye birnin, ya rushe ganuwarsa, ya kashe masu tsaronsa. Da safiyar wata ranar kasuwar Goronyo Halliru ya yi hannunsa ya saki. Gwaggo ta yi nishi, ta rubuta sunan Sa'adu, ta buga gangarta. Ga mahayi ɗaya mai jar tuta tsaye a bakin karyayyar ƙofa, taku ɗaya ya rage masa.

"Yaya, shiga mana!" in ji Halliru.

Sa'adu yana saka takalmi, yana murmushi. "Ba a cin gari irin wanga ba shaidu. Bari in kai kayan ga Goronyo in komo da Yusha'u, shi gani da idonai. Kak ka taɓa."

Bai isa Goronyo ba. An tsinci babur ɗinsa a gefen hanya, a tsaye kan ƙafarsa, makulli a jiki, buhunan albasa a ɗaure yadda ya ɗaure su. Babu jini, babu takalmi, babu sawun da za a bi. Gidan ya zauna jiran waya kamar yadda wasu gidaje suka jira aka kira su, amma su ba a kira ba, ba a nemi komai ba. Halliru ya taka har Rabah da ƙauyukan bayanta yana tambayar waɗanda suka kuɓuto daga hannun mutanen daji. Wani ya ce ya ga mai kama da shi. Wani ya ce ba shi ba ne.

Da farko jama'a sun cika gidan da jaje. Ana cikin haka wani dattijo daga Dinawa ya ɗaga hannu ya fara cewa Allah Ya jiƙan, bai kai ga sunan ba Inno ta miƙe. "Wa ya mutu? Kun ga gawa? Ɗana kasuwa yat tahi." Ta sa aka naɗe tabarmi a gaban baƙi. Daga ranar ta haramta a taɓa ko allurar Sa'adu. Bakin gonarsa ya zauna a toshe har ƙasar ta tsattsage. Matarsa Ruƙayyatu ta zama ba mai miji ba, ba mai takaba ba. Mutane kuma suka rasa irin gaisuwar da za su yi wa gidan, har suka ƙirƙiro wata da ba a yi wa kowa sai su: "Ya zaman jira?"

A nan ne marigayiya ta nuna amanar da ba a samu ga mutane da yawa ba, domin ita ma ta jira. Halliru yakan kai ta Wurno a yi mata caji, ya dawo da ita, ya buɗe ta bayan la'asar. Sai ta yi nishi ta ce, "Dum. Dum." Sunan yana nan. Mahayin yana nan a bakin ƙofa, dokinsa ya kaɗa kai, ya tona ƙasa da kofato, ya koma yadda yake, ya sake kaɗa kai. Hayaƙin birnin yana tashi bai ƙare ba. Halliru yana jin tsoron kallon nan, kuma ya kasa dainawa. Gaskiyar magana, yana son ya ci wasan, so mai tsanani, yana kuma jin kunyar son. Sau da yawa yakan kai yatsa har ya ji ɗumin maɓalli, sai ya tuna hanya ɗaya tak da ake buɗe ruwan mutum, ya janye hannu ya rufe ta.

Akwai ranar da gidan ba zai manta ba. Halliru bai rufe ta da kyau ba, ya bar ta a ɗakin Sa'adu ya fita. Da rana tsaka, gari ya yi tsit, sai ta farka da kanta ta buga ganga a ɗakin da babu kowa. Ruƙayyatu tana wanke-wanke. Shekara da shekaru da wannan sautin take sanin maigidanta ya shigo. Ta zubar da kwano ta ruga da kumfa a hannu, har ta ce sannu da zuwa kafin ta ɗaga labule. An daɗe kafin a iya fito da ita daga ɗakin.

Tun Gwaggo tana da sauran ƙarfi Bilyaminu ya ba da shawara. "Malam Halliru, tsohuwar ga ba ta da nisa. Bari in kwashe abin da ac cikinta in aje maka wani wuri." Halliru bai iya yanke hukunci shi kaɗai ba, domin kayan Sa'adu ne, sai ya kai maganar gaban Inno. Ta ce, "Rabon gado kuka son ku hwara?" Maganar ta mutu a nan, kuma wannan kuskuren ne ya kawo gidan inda ya kawo shi.

Ciwon ajali ya fara mata da kumburin batir. Daga baya wani farin zare ya ratsa allonta daga sama har ƙasa. Sai ruɗewar tsufa: duk sanda ta farka sai ta ba da kwanan watan wata shekara da ta daɗe da wucewa. Damina biyu ta gani a wannan hali. A ƙarshe wani sabon sauti ya shigo cikin numfashinta, wanda Halliru bai taɓa ji ba: "Ƙas. Ƙas. Ƙas." Ya ɗauke ta a guje zuwa Wurno. Bilyaminu ya buɗe cikinta, ya kasa kunne, ya yi ƙoƙarin kwashe abin da a da aka hana shi, ta ƙi saki. Ya mayar da kusoshinta a hankali ya ce, "Ta riƙe abin cikinta gam. In ta tashi sau guda ka gode Allah. Bayan nan ba ni da alkawali."

Ranar Laraba Halliru ya aika wa Yusha'u ya kawo aron batirin sola daga Dinawa. Halliru bai kai Gwaggo ɗaki ba. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, ya ɗora ta a kan tubalanta, ya kunna, bai san abin da zai yi ba idan ta tashi. In ya bar ta ta mutu da hannun a buɗe, duk abin da suka gina shi da yayansa ya tafi ba ƙarshe. In ya taɓa, shi ne ya faɗi abin da uwarsu ta hana duniya faɗa. Ta daɗe tana ƙas-ƙas, har ya fid da rai. Can sai haske ya kawo, gangar ta fito a shaƙe.

Inno tana gefe tana tsintar wake. Tun da Gwaggo ta shigo gidan ba ta taɓa tsayawa ta kalli allonta ba. Ranar nan ta ajiye faifai ta taso, ta tsaya a kan Halliru.

"Mi taka jira?"

"Hannun Yaya na, Inno."

"Tun yaushe?"

"Tun rad da yat tahi."

Ta sunkuya ta ƙura ido. Dokin ya kaɗa kai, ya tona ƙasa, ya koma yadda yake. "Wancan mai dokin, nashi na?"

"Nashi na."

"Tsaye shike tun ran nan? Bai sauka ba, bai sha ruwa ba?"

Inno ta daɗe tana kallo, ƙas-ƙas ɗin yana ƙara yawa. Sannan ta zauna a kan tabarmar, abin da gwiwoyinta ba sa so, ta ce a kira Ruƙayyatu. Ta ce a ce wa Yusha'u ya baro zaure ya shigo. "Na ji ɗana rad da yat tahi, cewa yay yi sai da shaidu." Da suka taru ta dubi Halliru. "Kai ƙanenai na, ba ka buɗe mai ruwa. Ni ab babba gidan ga. Gwada min inda za ni taɓawa."

Ya nuna mata. Yatsarta da ƙurar wake a jiki ta sauka a kan maɓallin. Mahayin ya ɗaga tuta ya shiga birnin.

Gwaggo ta yi shiru har suka ɗauka ta tafi. Sai ta saki wata busa da babu wanda ya taɓa jin tana da ita a ciki, doguwa, mai daɗi: "Tuuu-ruuu, tuuu," ta karye a tsakiya. Allo ya rubuta cewa an ci duniya a mataki na ƙarshe, ga sunaye biyu a ƙasa, na babba a sama. Halliru ya karanta wa Inno, ya fassara mata. Babu wanda ya yi shewa. Yusha'u ya cire hula ya rufe fuska da ita. Duhu ya fara cin allon daga gefe yana tahowa tsakiya, numfashin ya tsaya. Inno ce ta rufe ta da hannunta, ta faɗi abin da Musulmi ke faɗa idan an yi masa rashi, ta faɗe shi cikakke har ƙarshe. Sannan ta yi kukan da ta hana kanta, Ruƙayyatu ta riƙe ta.

Babu wanda ya tuna ya ɗauki hoto. Nasarar ba ta da wata hujja a duniya sai mutum huɗu da suka gani.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin roba a wuya, da jaka mai mataccen zif, da tubala biyu da suka ɗauke ta kowace bazara ba su taɓa ƙorafi ba. Garuruwan cikinta, da manomansu da maƙeransu da duk yaran makarantun da Halliru ya gina, sun bi ta. Ta bar Yusha'u da alkawarin barin shayi, wanda gidan ya yafe masa saboda halin da ake ciki. Ta bar Ruƙayyatu, wadda Inno da kanta ta roƙi liman ya raka maganarta gaban alƙali, a faɗa mata matsayinta. Ta kuma bar Halliru, sarkin duniya baki ɗaya, wanda tun ranar Laraba bai iya cin abincin kirki ba.

Game da jana'iza, liman ya yi bayani cewa ba a yi wa na'ura wanka ko salla, gidan kuma ya karɓi fatawar. Bilyaminu ya nemi a ba shi maɓallanta don wasu marasa lafiya da ke kwance a shagonsa, an ba shi haƙuri. Za a naɗe ta a ajiye a cikin akwatin Sa'adu, wanda Inno ta fito da makullinsa.

Za a yi zaman makoki na kwana uku a gidan marigayi Ma'azu da ke Lahodu, daga ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza a ƙofar gida, mata a ciki. Ana roƙon masu tahowa daga Rabah da Goronyo su taso da rana a sama, su taho a ayari, su kuma juya kafin ta yi sanyi. Gidan ba zai iya jiran wani ba kuma.

Halliru ya tambayi Inno ko ba ta tsoron a yi musu dariya, a ce dattawa sun shimfiɗa tabarmi saboda kwamfuta. Ta ce a rubuta amsarta a ƙarshen sanarwar yadda ta faɗe ta, ga ta kuwa:

"Su yi dariyassu bisa hanya. In sun iso, kowa ya san gaisuwar wa za shi yi min. Ku ce musu sun iya hwaɗin sunanai yanzu."